Bidiyon da na ƙi gogewa

Edita, shekara biyu ke nan ina riƙe da wannan magana a ciki, yau dai na ce bari in amayar da ita ko zan sami sauƙi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san abin a Kafanchan za su gane ni, sauran kuma su ɗauki darasin kawai. A lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, malamar firamare ce ni, ban yi aure ba, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina ƙwarai. Ba koyarwa a aji nake taƙama da ita ba, rawa ce. Kuma ba irin tamu ta gargajiya da ake ɗaura kacau-kacau a ƙafa ba, wata ce ta ƙasashen waje da ake kira taf, wadda ake sa takalmi mai ƙarfe a dunduniya da kan yatsu, a riƙa buga ƙasa har ƙafa ta koma ganga. Mutanen unguwarmu ba ruwansu da wannan suna, rawar ƙwas-ƙwas suke ce mata. In na wuce bakin kasuwa, mata su yi ta tsokanata wai ga mai ƙofaton doki nan ta fito, ni kuma in buga musu dunduniya sau biyu in wuce ina dariya.

A Jos na koyi rawar lokacin da nake karatu, a hannun wata tsohuwa da ta daɗe a ƙasar waje kafin ta dawo gida. Matar nan tana da dokoki kamar barikin soja. Cikin dokokinta akwai biyu da take maimaita mana kullum har muka gaji da ji. Ta ce in mun zama malamai kada mu kuskura mu ɗauki hoton ɗan wani mu watsa sai iyayensa sun yarda a rubuce, kuma kada mu miƙa yaro ga kowa bayan darasi sai wanda ya kawo shi, ko da wanda ya zo ɗin bishop ne. Mu kuwa in ta juya baya sai mu kwaikwayi muryarta, muna cewa tsohuwa ta kwaso tsoron Turawa ta kawo mana. A ganina a lokacin, nan gida kowa ya san kowa, ɗan maƙwabci ɗanka ne, ina ruwanmu da takarda?

Da na dawo Kafanchan sai fastonmu ya ba ni aron tsohon zauren coci. Kafinta ya shimfiɗa mini katako a gefe ɗaya, wani shumeka a bakin tasha kuma ya koyi yanka ƙarfe yana buga wa takalman makaranta. Haka na tara yara goma sha huɗu, kowace Asabar da ƙarfe huɗu. Cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara tara, siririya, ba ta da yawan magana, amma kai, kunnen yarinyar nan! Kiɗan da zan buga sau ɗaya, ita za ta mayar mini da shi daidai, wani lokaci har ta ƙara nata a kai. Abin da na yi wata uku ina fama da shi a Jos, ita a mako biyu ta haddace. Na so ta sosai, ba na musu, amma akwai son kai a cikin son da nake mata, don na ga da ita za a san ni.

Uwarta ce ta kawo ta da kanta. Mace ce mai sanyin hali, baƙuwa a unguwar, tana aikin tsaga citta a wani sito, tana haya a ɗaki ɗaya a bayan layin dogo. Ranar farko ta ja ni gefe ta roƙe ni abu biyu. Ta ce don Allah kada in ɗauki 'yarta hoto, kuma kada in ba kowa ita in an tashi, ko da ta yi latti, in jira ta. Na ce mata ba komai, Maman yarinya, ta kwantar da hankalinta. Ban tambaye ta dalili ba. A raina cewa na yi irin matan nan ne masu tsoron kada a kai hoton ɗansu wurin boka. Har na ba wata ƙawata labari muka yi dariya.

A shekarun nan rawar taf ta fara tashe a waya. Matasa a Legas da Abuja da Jos suna ɗora gajerun bidiyoyi, wasu suna haɗa ta da kiɗan gargajiya, mutane suna ta yabawa. Ni kuwa kishi ya hana ni sakat. Sai ga sanarwa cewa wasu masu shirya taron rawa a birni suna neman ƙungiyoyin yara daga ƙananan garuruwa. Sharaɗin shi ne kowa ya ɗora bidiyonsa a shafinsa, ya bar shi a buɗe mako uku, su kuma su duba wanda ya fi jan hankali. Ban yi shawara da kowa ba. Asabar ɗin nan na jera yara, na sa yarinyar a gaba, na ce ta buga kiɗan da muke rawa da shi a bikin ƙarshen shekara a ƙauyukanmu. Ta tsaya ta dube ni, ta ce a hankali ai Mama ta hana. Na daka mata tsawa, na ce ni ce malama ko ita? Ta sunkuyar da kai ta fara. Na ɗauka, na ɗora, kuma don kada wani ya kwashe mini yabo, na rubuta a ƙasa cewa a Kafanchan muke, a tsohon zauren coci kaza, kowace Asabar ƙarfe huɗu.

Cikin kwana huɗu bidiyon ya zaga ko'ina. Wayata ba ta huta ba. Mutanen da suka daina gaishe ni tun muna makaranta suka dawo suna kirana 'yar'uwa. Kaina ya kumbura, na shiga coci ranar Lahadi ina tafiya kamar matar gwamna. Cikin saƙonnin da suka shigo akwai na wani mutum da ba shi da hoto a shafinsa. Bai yabi rawar ba ko kaɗan. Tambaya ya yi, wai yarinyar da ke gaba shekarunta nawa, kuma da wa take zaune. Na ɗauka ko cikin masu shirya taron ne, na amsa masa da murnata, na ce shekara tara, tana tare da mahaifiyarta. Ya sake tambaya ko wannan Asabar ma za a yi. Na ce ƙwarai kuwa, ƙofa a buɗe take. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ko godiya bai yi ba.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da uwar yarinyar zaune a dakalin ƙofarmu, hannunta duk ƙurar citta. Wata abokiyar aikinta ce ta nuna mata bidiyon a waya, tana taya ta murna. Ina buɗe ɗaki matar nan ta zube a gwiwa. Wallahi ta girme ni, amma ta durƙusa mini. A nan ta ba ni labarin da ya kamata in tambaya tun ranar farko. Ta ce mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce a wani ƙauye ta wajen Gwantu. Bayan an gama makoki 'yan'uwansa suka zaunar da ita, suka ce tana iya komawa gidan iyayenta in tana so, amma yarinya ta gidan ce, tunda an biya sadaki. Wan mijin ne zai riƙe ta, shi kuwa 'ya'yansa mata ba wadda ta wuce aji huɗu. Ta ce ta yi shiru kamar ta yarda, ranar wata kasuwa ta kama hannun 'yarta kamar za su sayo gishiri, suka hau mota, ba su sake komawa ba. Tun daga ranar suke nemanta. Ko iyayenta ba ta gaya wa inda take ba.

Nan take na tuna mutumin nan mara hoto. Amma ban gaya mata ba. Na ɗaga ta, na ba ta ruwa, na rantse mata cewa yanzun nan zan goge. Ta yi ta sa mini albarka, tana cewa Ubangiji ya ba ni miji nagari. Tana fita na ɗauki wayar, na buɗe shafin, na ga yawan mutanen da suka kalla, na tuna saura kwana tara a rufe zaɓe. Edita, a nan ne na yi zunubin da ya fi duka. Na ce wa kaina ai wanda zai gani ya riga ya gani, gogewa yanzu ba za ta mayar da komai ba. Na ce mutanen ƙauye ina suka ga intanet. Na ce kwana tara kamar gobe ne. Na ajiye wayar na ɗora tukunya. Kashegari da muka haɗu a hanya ta tambaye ni, na dube ta ido cikin ido na ce an gama.

Asabar ta farko na ga wani mutum a kan mashin a ƙarƙashin bishiyar mangwaron da ke fuskantar zauren. Bai sauka ba, bai ɗauki fasinja ba, tun da muka fara har muka tashi yana nan da hularsa ta kwano a kai. Da uwar ta zo ta kama hannun 'yarta, sai ya tayar da mashin ya bi wata hanya. A tsakiyar mako mai shagon kusa da coci ta tare ni, ta ce wasu baƙi biyu sun sayi ruwa a wurinta, suna tambayar ko malamar rawa matar aure ce, kuma ko akwai namiji da ke zama a zauren in ana darasi. Ta ce ta ɗauka masu neman aurena ne, har tana yi mini tsiya. Na yi dariyar dole. Duk da haka ban je wurin fasto ba, ban gargaɗi uwar ba, don in na yi haka dole in faɗi cewa ƙarya na yi mata. Na zaɓi in rufe bakina in yi addu'a kada komai ya faru.

Asabar ta biyu an tashi ƙarfe biyar da rabi, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, saura ni da yarinyar. Uwar ba ta zo ba. Daga baya na ji cewa tirela ce ta zo lodin citta, aka riƙe su a sito. Muna zaune a bakin katako sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofa. Mutum uku suka fito: wani dattijo da babbar riga da Littafi Mai Tsarki a hammata, wani ƙato da na gane shi ne mai mashin, da wata tsohuwa tukuf tana dogara sanda. Yarinyar ta miƙe tsaye. Tsohuwar ta kira ta da wani suna na yare da ban taɓa jin an kira ta da shi ba, ta buɗe hannu tana kuka. Kakarta ce, uwar ubanta. Yarinya ta dube ni, ta dubi tsohuwar, sannan ta tafi a hankali ta faɗa jikinta. Sun san abin da suke yi da suka zo da tsohuwar nan.

Dattijon ya gaishe ni cikin ladabi, yana ce mini 'yata. Ya gode mini da na riƙe musu jininsu da kyau. Ya ce sun riga sun yi magana da uwar, an sasanta, tana jiran su a tasha, za su je gida tare a yi addu'ar tunawa da marigayi su dawo ranar Litinin. Na ce Baba, a yi haƙuri, uwar ta ce kada in ba kowa ita. Nan take fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, da na faɗa ya ce ya san yankinmu, kuma bai taɓa jin inda 'yar mutunci ta shiga tsakanin yaro da gidan ubansa ba. Ya tambaye ni ko ni a gidan dangin uwata aka rene ni. Kun san yadda aka tarbiyyantar da mu a kudancin Kaduna, dattijo yana magana ba ka ɗaga ido, kuma maganar cewa ɗa na gidan uba ne tun muna goye muke jin ta. Ni da nake da baki kamar reza a gaban yara, sai ga ni ina in'ina. Na kira wayar uwar sau ɗaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sau ɗaya tak. Gidan fasto bai fi taku hamsin daga inda nake tsaye ba, ihu ɗaya zan yi unguwa ta cika. Ban yi ba. Na san ƙarya yake yi, zuciyata ta gaya mini, amma na ga in na yarda da ƙaryar abin zai fi mini sauƙi.

Ko takalmin rawar ba su bari ta cire ba. Ina jin ƙarar ƙarfen a kan siminti har bakin mota, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙaton nan yana riƙe da wuyan hannunta. Kafin a rufe ƙofa ta leƙo ta ce Anti, ki gaya wa Mama silifas ɗina na ƙarƙashin benci. Abin da ta ce ke nan, motar ta tashi.

Bayan kamar minti ashirin uwar ta iso da gudu, tana ba ni haƙurin latti tun daga nesa. Ta duba bayana, ta duba cikin zauren, sannan ta dubi fuskata. Cewa kawai na yi kakarta ta zo. Na zaci za ta shaƙe ni, da ma ta yi hakan da na ji daɗi. Ba ta yi ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, ta tambaye ni da wata irin murya ko na goge abin nan kamar yadda na ce. Na sunkuyar da kai, ita kuwa ba ta sake tambaya ba. Da fasto da matan zumunta na coci suka taru, a gabansu na faɗi komai, har da saƙon mutumin da na amsa. Matar fasto ta dube ni ta ce tir, ta juya mini baya. A ranar na goge bidiyon, lokacin da gogewar ba ta da sauran amfani ga kowa.

Mun yi iya ƙoƙarinmu, ko in ce sun yi, ni dai bin su nake kamar akuyar da aka ja da igiya. Fasto da dattawan coci biyu suka raka uwar har ƙauyen, aka yi zama uku. Duk inda aka kai kuka sai a ce maganar gida ce, a je a sasanta. A ƙarshe dattawan can suka yanke cewa yarinya ta zauna a gidan ubanta, uwar kuma tunda ta taɓa gudu da ita, ba za ta ƙara ganinta ba sai a gaban mutane. Wani lauya ya ce akwai hanya a kotu, amma matar ta ce in ta kai dangin mijinta kotu, ko ta ci nasara 'yarta ta rasa gida har abada. Ana cikin haka saƙo ya zo mini cewa an zaɓi ƙungiyata zuwa birni, da sharaɗin in zo da yarinyar da ke gaba. Na karanta, na shiga banɗakin makaranta na yi kuka har aka aiko a duba ni.

Uwar ta bar Kafanchan. Ta koma wani ƙauye kusa da na dangin mijinta tana aikin ƙodago a gonakin mutane, don kawai ranar Lahadi ta taka zuwa cocinsu ta zauna a bencin baya ta hangi 'yarta. A watan jiya na yi ƙarfin hali na je. Na ga yarinyar bayan an tashi sujada, ta yi tsawo, goye da jaririn wani, kuma an ce mini tun bara ba ta koma makaranta ba. Ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida manya. Sannan ta matso ta tambaye ni a hankali, wai gaskiya ne abin da matar baffanta ke faɗa, cewa ni ce na nuna musu hanya? Na so in ce ban sani ba ne, na so in ce kuskure ne. Na ce mata gaskiya ne. Ta gyaɗa kai, ta gyara goyonta, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Har yanzu ina koyar da rawa, don fasto ya ce guduwa ba tuba ba ce. Amma wayata a jaka take zama, kuma ba yaron da ke fita daga zauren sai a hannun wanda ya kawo shi, ko wane ne ya zo, ko da furfurarsa ta kai ƙirji. Na koyi cewa iya rawa daban, cancantar a ba ka amanar ɗan mutum daban, kuma ni na farkon kawai nake da shi a lokacin. Ina roƙon duk mai tara 'ya'yan mutane, malamin rawa ne, mai koyar da waƙa a coci ne, ko mai horar da 'yan ƙwallo: in uwa ta ce kada ka ɗauki ɗanta hoto, kada ka yi mata dariya, kada ma ka jira sai ta ba ka dalili, don ba kowane dalili ne ake iya faɗa wa baƙo ba. In ka yi kuskure, faɗe shi a ranar, tun ana iya gyarawa. Ni kwana tara na samu in buɗe baki, kowace safiya ina iya zuwa in ce mata ta ɗauki 'yarta ta gudu, na zaɓi a ci gaba da yabona a waya. Yarinyar ta cika shekara goma sha ɗaya yanzu, uwarta kuma sau ɗaya take ganinta a mako, daga nesa.